Raƙumar Injiniya

Injiniya bai taɓa karanta aikin injiniya ba. A gidan waya ya yi aiki har ya yi ritaya. Amma tun da ya sayi tsohuwar jif ɗin nan a hannun wani kamfanin haƙar rijiyoyi da ya durƙushe, 'yan layinsu suka daina ganin fuskarsa, sai tafin ƙafafunsa da ke leƙowa daga ƙarƙashin mota. Daga nan suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har in aka kira shi da sunansa na yanka sai ya ɗan yi jim kafin ya waiwayo.

Motar ta girmi autarsu. Fentinta ya taɓa zama kore, yanzu kuwa sai an yi mata adalci za a ce kore ne. Duk da haka ba ta taɓa kwana a hanya ba, domin mai ita yana da tsari: wata guda, gyara guda. In fansho ya shigo, sai ya cire na cefane da na wuta da na ruwa, ɗan abin da ya rage shi ne rabon mota. Ba ya sayen sabon kaya. Kasuwar gwanjo yake zuwa da tsohon ƙarfen da ya kwance a hannunsa, ya gwada shi da wanda zai saya, ya ƙwanƙwasa, ya kara a kunne, ya yi ciniki har mai kaya ya gaji ya sallama don ya huta. Baƙin mai da kansa yake juyewa. Noti da kusoshi suna jere a gwangwanayen madara a kan kantar gareji, kowane da girmansa, kuma kaiton wanda ya taɓa masa su.

Abu guda ne Allah bai ba shi ba: kunne. A nan Hajiya, matarsa, take shigowa. Tun yaransu suna ƙanana suke da al'adar fita da yammacin ƙarshen mako, su bi titin bayan gari har bakin madatsar ruwa, su sha shayin da ta zubo a fulas, su dawo kafin magariba. Yara suka girma suka watse, fitar ba ta fasa ba. Tana zaune a gefensa, hannunta a kan gwiwa, sai ta ɗan karkata kai ta ce, "Baban yara, akwai abin da ke ƙara a baya, gefena." Zai yi musu, domin namiji ne. Washegari ya shiga ƙarƙashi ya tarar da robar shokozoba ta cinye, daidai inda ta faɗa. Shi ke da hannu, ita ke da kunne, a haka suka riƙe tsohuwar motar shekara da shekaru.

Daminar bara ce ta jawo komai. Auta ta yi aure ta tare a wani gari can bayan duwatsu, hanyar kuma akwai wani rafi da ake ratsawa. Da za su dawo daga ganin ɗakinta, cikin motar ya zauna daram a kan laka a tsakiyar rafin, tayoyi suna juyawa a banza. Dole Hajiya ta sauko, ta tsunduma cikin taɓo har ƙauri, takalminta guda ya tafi bai dawo ba. Ita dariya ma ta yi ta yi. Shi ne abin ya tsaya wa a rai. A ransa ya yi alkawarin ba za ta sake taka laka ba muddin shi ne ke riƙe da sitiyari.

Sai ya shiga ɗaga motar. Wata na farko ya samo sifirin na wata babbar mota da ta yi haɗari. Wata na biyu shokozoba dogaye. Tayoyi kuwa ɗaya bayan ɗaya ya tara su, manya masu kaurin haƙori, har suka cika huɗu iri ɗaya, abin da duk mai sayen gwanjo ya san ba ƙaramin rabo ba ne. A ƙarshe ya yi tsintuwar da ta fi faranta masa rai: wani ƙaton ƙarfen kariya na gaban mota, bututu mai kauri, an jefar da shi a cikin tarkace ya yi tsatsa. Ya kankare shi da hannunsa har yatsunsa suka yi kanta, ya shafa masa baƙin fenti, Dogo mai walda ya ɗaura masa. Ko saniya aka kaɗe da shi, sai dai a yi wa saniyar jaje.

Ranar da aka gama, ya kira Hajiya ta fito ta gani. Ta tsaya a bakin ƙofar gareji tana goge hannu, ta ɗaga kai ta dubi motar tun daga taya har rufi.

"Ikon Allah," ta ce. "Wannan ai ta zama raƙuma."

"Yanzu rafin nan sai dai ya gaishe mu mu wuce."

"Haka ne. Amma ko raƙumi ai durƙusawa yake yi kafin a hau shi."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan suna ya zauna. Da yamma suka fita gwaji. Lokacin da take hawa yana tsugune a ɗaya gefen yana duba iskar taya, bai ga yadda ta shiga ba. Ya dai lura ba ta yi magana sosai a hanya ba, ya ɗauka daɗin tafiyar ne ya sa ta shiru.

Daga wannan rana fitar yamma ta fara samun cikas. Wannan makon kanta na ciwo. Na gaba tana jiran baƙuwa, baƙuwar da ba ta zo ba. Na gaba kuma ga guga ta taru. Ta zuba masa shayi a fulas ta ce ya je shi kaɗai ya sha iska. Ya je sau ɗaya, ya zauna a bakin ruwa da kofi biyu, ya sha ɗaya ya mayar da ɗayan cikin jaka. Bai sake zuwa ba.

Ruwa ba ya tsami banza, Injiniya ya sani. Ya yi ta juya abin a ransa har ya samo amsa, amsar kuma ta yi masa ciwo. Ya tuna ranar da surukinsu, mijin Auta, ya kawo Hajiya gida daga asibitin ido a motarsa, 'yar ƙaramar mota mai sheƙi da ke tafiya kamar tana lasar ƙasa. Hajiya ta fito tana cewa, "Kai, wannan mota da sauƙin shiga take, kamar mutum ya zauna a falo." Shi ke nan. Ta ɗanɗana sabuwa, tsohuwa ta fita daga ranta. Kunyar a gan ta a cikin Raƙuma take ji. In kuwa tana jin kunyar motar, to mai motar fa? Wannan tambayar ce bai yarda ya ƙarasa ta ba ko a zuciyarsa.

Bai tambaye ta ba. Mutanen da suka daɗe tare sun iya wannan wauta: kowa yana tattalin zuciyar ɗan'uwansa har su bar gaskiya tana yawo a tsakar gida ba mai ce mata sannu. Maimakon tambaya, sai ya ɗauki sifana.

Tun da falo take so, zai yi mata falo. Ya kwance kujerar gefenta ya kai wa mai kushin, ya ce a ƙara soso, a ƙara da kyau, kada a yi masa rowa. Aka dawo da kujera ta yi tudu kamar katifar amarya. Ya gyara na'urar sanyaya mota da ta shekara goma tana hutu. Ya samo ragowar fenti a wurin masu feshi, ya rufe gilasai da tsofaffin jaridu, ya mayar da ita koriya shar. 'Yan layi suka riƙa tsayawa suna yaba wa. Hajiya ma ta yaba, ta ce Allah ya sa albarka. Ta leƙa ta ga sabuwar kujerar da ta ƙara tsawo, ta koma kicin. Ana magani kai na ƙaba, shi bai sani ba.

Ana cikin haka Auta ta haihu. Ta bugo waya suna karin kumallo, Hajiya ta sa wayar a lasifika don su ji tare. Bayan barka da addu'o'i da kukan jariri, Auta ta ce, "Mama, ya ce zai turo direba da mota jibi a ɗauko ki. Sai a zagayo ta babban titi, ya fi nisa amma babu rafi. Baba kuma in ya ga dama ya biyo ku a baya da Raƙumarsa."

Hajiya ta saci kallon mijinta. Shi kuwa ya dage yana juya cokali a shayin da ya riga ya sha rabinsa.

"Bari dai mu gani," ta ce. "Zan kira ki."

Da ta ajiye wayar ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Raƙuma za ta kai mu. Don wannan hanyar na yi mata duk abin da na yi."

"Na sani, Baban yara."

"To?"

"Mu gani dai."

Ba ya son komai a duniya a lokacin kamar ya shiga garin nan da matarsa a gefensa, su je ganin jikansu tare, a motar da ta yi jigilar uwar jaririn tun tana cikin zanin goyo. Tunanin ya bi bayan motar suruki shi kaɗai, kamar mai rakiyar kaya, ya hana shi ƙarasa shayin.

Washegari da hantsi ya ce zai je kasuwar gwanjo neman fanbel, domin ba a doguwar tafiya da bel guda. Ya fita a ƙafa. Ya kusa kai bakin titi ya laluba aljihu ya ji babu tsohon bel ɗin da zai gwada da shi. Injiniya kuwa ko limami ne ke sayar da kaya ba zai saya ba sai ya gwada. Ya juyo gida.

Ƙofar gidan a sakaye take. Ya sa hannu zai tura ke nan ya hango ta ta tsagar ƙofa, sai ya tsaya.

Hajiya ce a gareji. Ta buɗe ƙofar motar ta gefenta, ta ajiye 'yar kujerar katakon da take zama a kai a kicin. Ta yi bismilla, ta ɗora ƙafar dama a kan kujerar, ta kama murfin ƙofa ta ja jikinta sama. Kujerar ta yi rawa, ta tsaya cik har ta daidaita. Sannan ta ɗaga ƙafar hagu za ta kai dokin ƙofar motar. Gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Ta sake gwadawa, ta cije leɓe, ƙafar ta taɓa ƙarfen ta zame. Ta daɗe a tsaye a haka, goshinta jingine da sabuwar kujerar mai tudu. Daga baya ta sauko a hankali, ta zauna a kan 'yar kujerar tana murza gwiwa da hannu biyu.

Abin da ya ƙarasa shi shi ne abin da ta yi da ta huta. Ta kama bakin zaninta ta goge inda takalminta ya taɓa fentin, ta goge sosai don kada ya gani. Ta rufe ƙofar a hankali, ta ɗan bubbuga jikin motar da tafin hannu, kamar mai ba wa dabba haƙuri, ta ɗauki kujerarta ta shige ciki tana ɗingishi.

Injiniya ya janye hannunsa daga ƙofar. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, tausayi kuma ya biyo baya ya fi kunyar nauyi. Yanzu ne abubuwa suka riƙa dawo masa: ta koma yin salla a zaune, ta ce jiri take ji, ta kwashe tukwane daga kantar ƙasa ta mayar sama, ta ce saboda kyankyasai. Mutumin da ya san kowane noti na motarsa da girmansa, bai san gwiwar matarsa ta lalace ba. Ta ma faɗa masa tun ranar farko, a gabansa, da bakinta, shi kuwa ya riƙe ciki yana dariya.

Ya yi gyaran murya da ƙarfi a waje, ya ba ta lokaci, sannan ya shiga. Ya ce ya manta bel ne, kuma ya ga gara ya tafi da motar gaba ɗaya. Da zai wuce ta ƙofar kicin ya ga 'yar kujerar, ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, ya auna tsawonta da tafin hannunsa.

Dogo mai walda yana ƙarƙashin rumfarsa yana haɗa ƙyauren wani shago. Abokin Injiniya ne tun suna samari, saboda haka ba ya tauna masa magana.

"Yau kuma me za a ƙara mata? Fukafukai?"

"Matakala nake so. A wannan gefen. Hawa biyu, na ƙasan kada ya kai tsawon nan." Ya nuna da hannunsa.

Dogo ya ɗaga gilashin fuskarsa ya dube shi, ya dubi ƙofar gefen mai zaman banza. Bai tambayi dalili ba. Shi ma yana da mata, ita ma tana da gwiwa.

"In ka sa matakala ƙasa haka, rafin da ka ɗaga motar dominsa shi zai fara cire ta."

"Na yi wannan tunanin. Shi ya sa na zo wurinka ban je wurin tela ba."

Dogo ya shafa gemu. Ya shiga cikin tarkacensa ya yi ta bincike, ya fito da wasu manyan hinjin ƙofa guda biyu. "Sai dai mu yi mata mai naɗewa. In za a hau a sauke ta, in an hau a ɗage ta a maƙale da ƙugiya. Amma fa wanda ke ciki ba zai iya ba. Duk tsayawar da za ku yi sai ka fito ka zagayo ka sauke, ka sake zagayowa ka ɗage."

"Ina da wani aikin ne?"

"To ƙarfe fa? Wanda zai ɗauki mutum bai lanƙwashe ba, ba ni da shi a nan. Sabo kuwa na san aljihunka, wata ya yi nisa."

Injiniya ya san aljihunsa fiye da Dogo. Soso da fenti sun cinye rabon mota har na watan gobe. Ya zagaya gaban Raƙuma ya tsaya. Baƙin ƙarfen kariyar yana ta sheƙi a rana, ko ƙwarzane babu. Ya ɗora hannu a kansa.

"Yanka wannan."

"Haba Injiniya. Wannan da ka kusa ƙarar da yatsunka a kansa? Wannan ai shi ne gemun motar."

"Ban taɓa kaɗe ko kaza da shi ba. Yanka."

Da injin yankan ya kama bututun, Injiniya ya juya baya ya ce tartsatsi ne ke damun idonsa. Dogo ya ƙyale shi da ƙaryarsa. Suka wuni a kai. Aka yi hawa biyu, aka shimfiɗa musu farantin ƙarfe, Injiniya ya yanko bayan tsohuwar taya ya ɗaure a kai don kada takalmi ya zame. Guntun bututun da ya rage suka lanƙwasa shi ya zama mariƙi a jikin ƙofa, ya naɗe shi da robar tib ɗin taya. Dogo, wanda ya yi Hajiya biyu a nauyi, ya hau ya yi tsalle a kai, ko gezau. A hanyar dawowa Injiniya ya biya wurin mai kushin ya ce a rage sosan nan da aka ƙara. Mai kushin ya dube shi kamar zai yi magana, ya fasa.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya shigo layin. Ya yi hon ɗinsa da ta sani. Hajiya ta buɗe masa ƙofar gida, ta tsaya tana kallon gaban motar da ya koma fayau.

"Ina ƙarfen gabanta?"

"Nauyi yake mata. Yana sa ta shan mai."

Ya sauko, ya zagayo gefenta, ya buɗe ƙofa. Ya durƙusa a kan gwiwa guda ya zare ƙugiyar, matakalar ta sauko ta tsaya dab da ƙasa. Ya miƙe yana kaɗe wando, yana kallon ko'ina ban da fuskarta.

"Wannan fa?" ta ce a hankali.

"Gwiwata ce ta fara damuna kwanan nan. Tsufa."

"Gwiwarka ke ciwo, aka sa matakala a gefena?"

"Ƙarfen ne bai isa biyu ba."

Ta dubi matakalar, ta dubi baƙin fentin da ke jikin bututun, ta gane shi. Idonta ya kawo ruwa, ta sa bakin mayafi ta share kamar wani abu ne ya faɗa mata. Ta daɗe tana tsoron ranar da zai sani, domin ta tabbata zai rushe aikin da ya ƙwallafa rai a kansa saboda ita, ga shi kuwa ya rushe, kuma ko kaɗan bai yi kama da wanda ya yi asara ba.

"Da ka tambaye ni ai da na faɗa maka," ta ce.

"Da kin faɗa mini ai da na tambaye ki."

Ta yi 'yar dariya. Ta kama mariƙin, ta taka hawa na farko, ta taka na biyu, sai ga ta zaune. Ta gyara zama, ta ɗora hannu a kan gwiwa.

"Akwai ruwan zafi a fulas, yana kan tebur," ta ce. "Ka ɗauko da kofi biyu. Ka haɗo mini da wayata in ce wa Auta kada su wahalar da direba. In mun dawo daga can kuma ka kai ni asibiti a duba ƙafar nan, tun da asiri ya tonu."

Ya ɗauko, ya durƙusa ya ɗage matakalar ya maƙale, ya zagaya ya tayar da mota. Suka fita daga layin, suka hau titin bayan gari. Suka wuce gidan mai na ƙarshe. Can sai ta ɗan karkata kai.

"Baban yara, akwai abin da ke ƙara a baya. Gefenka."

"Babu abin da ke ƙara," ya ce.

Ya rage gudu don ta ji da kyau.